Zanen zahiri, sassaƙa da ƙirar azurfa: amsoshin tambayoyin masu kallo a Bauchi

Duk sanda aka baje kolin zane a garin Bauchi, ko a harabar makaranta ko a zauren da aka ara na ɗan lokaci, tambayoyin masu kallo kusan iri ɗaya ne. Wasu a yi su a gaban jama'a, wasu sai an ja mutum gefe an rage murya. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, domin mai niyyar shiga gidan adana zane-zane a Jos ko Abuja ko Legas ya san abin da zai duba, mai tsohuwar munduwa a ƙasan akwati kuma ya san abin da ke hannunsa. Koyar da zane ne aikina. Inda magana ta shiga fiƙihu zan faɗi abin da ke cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, fatawa kuwa ta malamai ce.

Mene ne zanen zahiri?

Shi ne mai zane ya dubi abu ya fitar da shi yadda ido ke ganinsa: tsawo da faɗi daidai, haske a inda yake, inuwa a inda ta faɗi. In mai shayi ne a Wunti, a ga tururin tukunyarsa, a ga gwangwanin madarar da ya lotsa, a ga barcin asuba bai gama sakin fuskarsa ba. Ba a ƙara masa tsawo, ba a goge masa tabo.

A Faransa wannan tafarki ya sami suna, a tsakiyar ƙarni na 19. Kafin nan babban ƙyalle na sarakuna ne da mayaƙa da labaran coci. Sai Gustave Courbet ya zana leburori biyu, tsoho da yaro, suna fasa dutse a bakin hanya da yagaggun tufafi, a 1849. Ya kuma zana wata jana'iza ta mutanen garinsu, Ornans, a kan ƙyallen da faɗinsa ya haura mita shida, girman da a da sai manya ake yi wa. Masu faɗa a ji a Paris suka ji haushi. A 1855 da alƙalan babban baje kolin birnin suka ƙi wasu ayyukansa, sai ya kafa rumfarsa a kusa ya baje su da kansa. Zanen masu fasa dutsen ya salwanta a Jamus a 1945 cikin yaƙi. Na jana'izar yana nan a Paris.

In an ƙara da cewa "na zamani", ana nufin masu yinsa mutanen zamaninmu ne, kuma rayuwar yau suke zanawa: ɗan acaɓa, layin gidan mai, amarya tana danna waya.

Kowa na da kyamara a wayarsa. Wace riba ke cikin ɓata wata guda ana zana fuska ɗaya?

Tambayar sa'ar kyamara ce, ita kuwa tun 1839 aka bayyana ta ga duniya. Kyamara ba ta zaɓe. Abin da ya gifta gabanta a ƙiftawar ido shi take kwashewa, da muhimmi da tarkace. Mai zane kuwa yakan zauna da mutum yau da gobe, ya lura da yadda yake riƙe baki in ana masa magana, ya ga kafaɗar da ta fi sauka saboda dako, sannan ya yanke abin da zai fito da shi da abin da zai bari cikin duhu. Kallon kwanaki da yawa ne ake tarawa a kan ƙyalle guda.

Ka ciro naira biyar ka dubi fuskar Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da kyau, ko ta Sardauna a ɗari biyu. Ƙananan layuka ne aka jera, a matse su inda ake son duhu, a ware su inda ake son haske. Sai da wani gwani ya yanke shawarar inda kowane layi zai bi.

Ashe ba Turawa ne suka kawo mana wannan abin ba?

Fentin mai da ƙyallen da ake ɗaurewa a jikin katako daga wajensu suka zo, babu musu. Iya kamanta fuska kuwa sun tarar da shi. A 1938 masu haƙa harsashin gini a Ile-Ife suka ci karo da kawunan tagulla da na jan ƙarfe, waɗanda aka zuba ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya mulki ƙasar nan, kuma kamanninsu ya kai a ce mutum zai buɗe baki ya yi magana. Wani Bajamushe mai suna Leo Frobenius da ya ga irinsu tun 1910 ya kasa yarda cewa baƙar fata ne ya yi, har ya ƙago labarin wata ɓatacciyar al'umma. Kawunan yumɓu na Nok, wani ƙauye a kudancin Kaduna, waɗanda aka fara tsinta a ramukan kuza, sun haura shekara dubu biyu. A nan jiharmu ma akwai zanen dabbobi a jikin duwatsun Geji da na Shira.

Zane irin na makaranta ya fara ne da Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da aka haifa a 1882. Shi ya koya wa kansa zana fuskokin manyan Legas a lokacin da ake cewa ɗan Afirka ba zai iya ba, kafin ya tafi Landan karatu a 1920. Bayansa Ben Enwonwu ya yi suna har Sarauniyar Ingila ta zauna masa ya yi mutum-mutuminta na tagulla a 1957. Daga nan labari ya dawo Arewa. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya: Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu. Matsayinsu shi ne a karɓi dabarar Bature amma a zana abin gida da idon gida. Kusan duk malamin zane da ka gani a Arewa, in ka bi salsalar karatunsa za ta kai ka Zariya.

Malam, ka yi haƙuri, shin wannan aiki bai saɓa wa addini ba?

Babu abin ba da haƙuri, ɗan'uwa. Wannan ce tambayar da ta fi nauyi a garin nan, kuma mai zanen da ya yi kamar bai ji ta ba yana yaudarar kansa.

Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin surar abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim. A cikinsu akwai na mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce yin sura ce sana'arsa, aka ce masa in ba makawa to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya sun rarrabe. Surar mai rai da ke da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta cikakku, ita suka haramta. Wadda ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle ko bango, mafi yawansu sun tsaya a kan karhanci. 'Yar tsanar yara mata an yi mata rangwame. Akwai kuma malaman da suka tsananta suka hana duka, kuma a Bauchi za ka sami mabiya kowace fahimta. Masu son kafa hujja sukan kawo labarin Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Muhammadu na Biyu, wanda ya sa Gentile Bellini na Venice ya zana shi a 1480, zanen yana Landan yanzu. Wannan tarihi ne, aikin sarki kuwa ba ya zama fatawa.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne zanen zahiri bai dogara da fuska ba. Duwatsun da suka kewaye garin nan da yamma, ruwan Wikki a Yankari, bakan gizon ginin Gidan Madaki a Kafin Madaki, tiren mangwaro, ƙwaryar fura da ludayi, ragowar ganuwa: kowannensu ya isa ya cinye wa mutum shekaru bai gama koyon haskensa ba. Jihar kuma ba ta Musulmi kaɗai ba ce, akwai masu zane Kirista daga Dass da Bogoro da Tafawa Ɓalewa waɗanda wannan takunkumin bai hau kansu ba. Gidan zanen da ya san mutanensa zai ware ɗakin mutum-mutumi daban, wanda ya ga dama ya shiga, wanda bai so ba ya wuce ba tare da an sa shi jin kunya ba.

In na tsaya gaban zane, yaya zan gane na gwani?

Fara da hannuwa. Fuska kowa yana ba ta lokacinsa, amma yatsu ne ke tona asiri. In ka ga mai zane kullum yana ɓoye hannun mutum cikin aljihu ko bayan riga, akwai dalili. In doki ne, dubi ƙafafu, ka tambayi kanka ko waɗannan za su ɗauki nauyin dokin da mahayinsa da kayan hawan Sallah.

Sai haske. Nemi inda yake fitowa, ka bi inuwoyi ka ga ko duk sun yarda da juna. Inuwar hanci ta faɗi dama, ta rawani ta faɗi hagu, to an haɗa zanen ne daga hotuna biyu.

Sai launi, kuma nan ne aka fi faɗuwa. Fatar baƙin mutum ba ruwan ƙasa da baƙi ba ce kawai. A goshi tana ɗaukar shuɗin sama, a kumatu akwai ja, a ƙarƙashin haɓa launin rigar da ya sa yana haskawa. Farar babbar riga ma ba a zana ta da farin fenti zalla. Cikin lanƙwasarta akwai shuɗi da ruwan toka da ɗan rawaya, kuma mai zanen da ya iya fitar da shadda har ka ji kamar za ta yi ƙara in an taɓa, ya sha wuya kafin ya kai nan.

Daga nan ka ja da baya taku biyar, ka sake matsowa. Aikin gwani daga nesa a haɗe yake, daga kusa kuma sai ka ga shafe-shafen buroshi ne kawai, wani wuri ma bai damu ya gama ba. Wannan barin da gangan ne. Ido ba ya ganin komai tar a lokaci guda, don haka wanda ya ba wa maɓallin riga da ƙwayar ido kulawa iri ɗaya bai san inda yake so ka duba ba.

To waɗannan zanen fensir da ake yaɗawa a Facebook, da ba a bambanta su da hoto?

Akwai haƙuri da ƙwarewar hannu a ciki, ban raina ba. Matasan Legas irin su Arinze Stanley sun yi suna da shi a duniya, kuma mutane da yawa sun tuna Kareem Waris, yaro ɗan shekara 11 da ya zana Shugaban Faransa Macron lokacin ziyararsa Legas a 2018. Damuwata da masu kwaikwayonsu ce. Yaro ya sauko da hoton da wani ya ɗauka, ya ja masa layukan murabba'i, ya kwafe gida-gida, har ɗigon ruwa a fuska. Kama da wane ba ta wane. Ka ba shi kujera da mutum mai numfashi a gabansa, sai hannu ya ɗauki rawa. Gidajen zane na kirki sukan nemi ganin littafin da mutum ke zane-zanen gaggawa a ciki kafin su karɓi babban aikinsa.

Da me ake yin sassaƙa da mutum-mutumi?

Hanya uku ce. Ko a rage, kamar masassaƙin da ke cin itace da gizago har turmi ko akushi ya fito, haka ake yi da dutse. Ko a ƙara, kamar maginiyar tukwane da yumɓu. Ladi Kwali da ke bayan naira ashirin da wannan ta kai Turai da Amurka. Ko kuma a zuba narkakken ƙarfe. Na shataletale da ƙofar ma'aikatu yawanci siminti ne a kan rodi, ko faiba da aka shafa wa fenti ruwan tagulla. Ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ya isa ya gaya maka, in an ba ka izini.

Me ya kawo azurfa cikin gidan zane? Ai wannan kayan kasuwa ne.

Nan ne nake da ja da mutanenmu. Mun yarda wanda ya yi digiri ya shafa fenti a ƙyalle mai fasaha ne, amma dattijon da ya gaji uwar maƙera daga kakansa sai mu ce maƙeri ne kawai. A Turai da Amurka akwai gidajen adana fasaha da ke ajiye aikin azurfa a gini ɗaya da zane, da sunan maƙerin a rubuce.

Maƙera a ƙasar Hausa kashi biyu ne. Maƙeran baƙi su ne na garma da fartanya da gatari. Maƙeran fari su ne na azurfa da tagulla da jan ƙarfe: munduwa, awarwaro, zobe, 'yan kunne, sarƙa, adon kube da ƙotar takobi. Dubi yadda ake zubi. Maƙeri zai fara gina abin da kakin zuma, da duk ƙananan adonsa. Ya lulluɓe shi da yumɓu, ya bar ƙofa, ya shanya. Ya sa a wuta, kakin ya narke ya fita ya bar gurbinsa. Sai ya hura zugazugi har azurfa ta zama ruwa, ita kuwa sai zafi ya haura digiri 960 take narkewa, ya zuba a gurbin. In ta huce ya fasa yumɓun. Tunda an fasa, ba za a sake samun irin wannan sak ba. Da wannan dabarar aka yi kawunan Ife, da ita aka yi tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, da ita Buzaye ke yin sanannen abin wuyan nan na Agadas. Bayan zubi akwai gyara da magagari, akwai jan waya siririya a murɗa ta a liƙe da sinadari, akwai bugun ado da madoshi. Wanda ya iya wannan duka ya san abin da mai mutum-mutumi ya sani, a ƙaramin ma'auni ne kawai, inda kuskure ya fi saurin fitowa.

Akwai dalilin da ya sa azurfarmu ta tafi ga adon mata da zobe da takobi, ta Ingila kuma ta tafi ga cokula da butar shayi. Hadisi ya hana ci da sha a ƙwaryar zinariya da azurfa, kuma Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya hana har ajiye irin wannan ƙwarya, amma ya togace zoben azurfa ga namiji da adon takobi da na Alƙur'ani. Maƙerin fari ya bi inda aka buɗe masa ƙofa.

A ina maƙeran da suke samun azurfar?

Yawanci daga kuɗi. Akwai babban tsabar nan na Ostiriya mai hoton sarauniya Maria Theresa, wanda tsofaffi ke kira liyari. Fatake ne suka riƙa kawo shi ta hamada. Nauyinsa kusan giram 28, kashi 833 cikin dubu azurfa ne, kuma ko yaushe aka buga shi 1780 ake rubutawa, shekarar da matar ta rasu. Don haka kada wani ya sayar maka da shi da tsada wai ya shekara ɗari biyu da arba'in. Bayansa sai sule da fataka na Turawan mulki, waɗanda aka fara bugawa don Afirka ta Yamma a 1913 da azurfa, kafin a koma gaurayen tagulla daga 1920. Munduwar kakarka wataƙila kuɗin cinikin gyaɗa ce ko na shanu aka narkar.

Yaya zan bambanta ta gaske da jabu?

Azurfa zalla ta yi laushi da yawa, shi ya sa ake gauraya ta da jan ƙarfe. In ka ga an buga 925, ana nufin kashi 925 cikin dubu azurfa ne. In ka ga haruffan EPNS, wanka kawai aka yi wa wani ƙarfe. Akwai kuma wadda ake kira azurfar Jamus, jan ƙarfe ne da tutiya da nikel, babu ko ɗigon azurfa a ciki. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla da sanholo ma, saboda haka wannan gwajin rabin amsa yake bayarwa. Sanholo dai rashin nauyinsa ke tona shi. Aikin maƙeranmu na da ba shi da hatimi ko kaɗan, sai a kai wa tsohon maƙeri ya goga a dutse ya ɗiga ruwan gwaji, a wurin da ba ya nunawa. Lamba kuma kowa na iya buga ta, kada ka dogara da ita kaɗai.

Me ya sa take baƙi? In goge ta da toka?

A'a. Farar wuta da ke cikin iska ce ke haɗuwa da ita, kuma ƙwai da roba da hayaƙi suna gaggauta abin. Toka da yashi suna cin ƙarfen, kowace guga tana rage adon. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi da tsumma mai laushi sun isa, a tsane ta sarai, a naɗe a farin ƙyallen auduga, kada a ɗaure da robar kuɗi. Baƙin da ya kwanta cikin ramukan ado kuwa a bar shi, shi ke fito da zanen.

Malam, ina da mundaye da sarƙar kakata, sun tsufa ba mai sawa. In kai a narkar a yi mini na yayi?

Hajiya, kayanki ne, amma don Allah ki dakata. Maƙeri zai auna ya biya ki kuɗin nauyi, aikin hannun da ke jiki kuwa ya tafi har abada, kuma wanda ya yi shi ya daɗe a ƙasa. Haka kayan Bauchi da Katagum da Misau da Gombe suke ƙarewa a kasko ɗaya bayan ɗaya, ba don mugunta ba, sai don ana bikin 'ya ana neman kuɗi. In buƙata ta matsa, ki nemi mai sayen tsohon aiki a matsayin aiki, yakan fi mai awo biya. In ba ta matsa ba, ki ɗauki hotonsu, ki zauna da tsofaffin gidanku ki rubuta: ta wace ce, a wane gari aka ƙera, wane gidan maƙera, lokacin auren wa. Babban abin da ke raba kayan gidan tarihi da tarkacen kasuwa shi ne wannan takardar. Mun san sunan Courbet da shekarar da ya zana masu fasa dutse, amma maƙeran da suka yi wa kakanninmu ado, da wuya ka sami wanda aka rubuta sunansa. Waɗanda ke raye yanzu ma, duk mai tara kayan fasaha a jihar nan ya kamata ya sayi aikinsu ya rubuta sunansu a jiki, kamar yadda ake yi wa mai fenti.

Yanayinmu ba ya lalata zane?

Yana yi ƙwarai. Da hunturu iska takan bushe har katako ya tsage, ƙyalle ya ja, fenti ya dare. Da damina laima ta dawo, ƙyallen ya saki, fumfuna ta kama bayansa. Wannan kai da komo shi ne babban maƙiyi. Gidajen adana zane suna ƙoƙarin tsayar da laimar ɗaki wajen kashi 50 cikin ɗari, abin da ke da wuya inda wuta ba ta tsayawa. A gida, ka rataye shi a bangon ciki wanda rana ba ta duka, nesa da kicin da turaren wuta, ka bar ɗan fili tsakaninsa da bango, ka riƙa leƙa bayansa saboda gara. Ƙura da busasshen buroshi mai laushi ake kaɗe ta. Ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da kananzir. Zanen fensir da na gawayi da na fentin ruwa sai da gilashi, kuma kada takardar ta manne da gilashin. Zanen fentin mai yakan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya bushe har ciki a shafa masa man kariya, don haka sabon zane kada a naɗe shi a leda.

Zan iya taɓawa, ko in ɗauki hoto?

Taɓawa a'a, gumin yatsa yana barin tabo a fenti da azurfa. Hoto sai ka tambaya, kuma ka kashe fitilar kyamara.

Me ya sa wani zane ke tsada haka?

Suna da tarihi ake saye, sannan ƙwarewa. Zanen da Enwonwu ya yi wa wata gimbiyar Ife, wanda aka sani da Tutu, ya ɓace shekaru da yawa, aka gano shi a wani gida a Landan, aka yi gwanjonsa a 2018 a kan fam miliyan 1.2. Wannan ba ma'aunin kasuwarmu ba ne. A nan ka yi lissafin kuɗin fenti da ƙyalle, waɗanda yawancinsu daga waje ake kawowa, da makonnin da mutum ya yi a kai, kafin ka taya shi kamar kana tayin tumatir a kasuwar Muda Lawal. Kada ka yi cinikin biri a sama ta hoton WhatsApp, waya tana ƙara wa launi armashi. Ka ga aikin da idonka, ka karɓi takarda mai sunan mai zanen da shekara da girma da irin fentin da sa hannunsa. Ka kuma shafa ido a kan fuskar ƙyallen: wanda inji ya buga sumul yake, da ƙananan ɗigo in ka matsa sosai.

In na saya, zan iya buga shi a kalanda ko riga? Zan iya fita da shi waje?

Ƙyallen ka saya, haƙƙin bugawa yana wurin mai zanen sai in ya sallama maka a rubuce. Haka dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta tanada. Fita da sabon aiki ba laifi ba ne, amma tsofaffin kayan tarihi ba a fitar da su sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Ko sabon ne, in yana kama da tsoho, ka nemi takardarsu tun kafin ka isa filin jirgi. Wanda ya zo maka da kan yumɓu a buhu ya ce daga gona aka tono, ka rabu da shi.

Ina zan je in gani da idona?

Fara da Kabarin Tafawa Ɓalewa a nan cikin gari. Ginin kansa darasi ne a kan haske da duhu, kuma akwai ɗakin kayansa. Jos tafiyar kamar awa biyu ce, gidan tarihinta Bernard Fagg ne ya kafa shi a 1952, akwai kayan Nok da tarin tukwane. A Kano akwai Gidan Makama, da maƙera da masu tsofaffin kayan ado a Kasuwar Kurmi. Sashen zane na jami'ar Zariya yana da filin mutum-mutumi na ayyukan ɗalibai. Hukumar adana zane-zane ta ƙasa an kafa ta a 1993, hedikwatarta na Abuja. A Legas akwai gidan zanen Nike a Lekki da gidan adana fasaha na Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019.

Ɗana ba ya barin bango da gawayi. In hana shi?

Alhaji, ka saya masa fensir da takarda, bangon zai huta. Ka sa shi ya zana abin da ke gabansa, buta, takalmi, bishiyar tsakar gida, maimakon kwafe hoton waya. In ya girma yana so, akwai sashen zane a Zariya, akwai sashen tsara kayan masana'antu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan gida, kuma masu wannan hannun ne ke zama masu tsara gine-gine da tufafi da littattafai. In akwai maƙerin fari a unguwarku, ka roƙe shi yaron ya riƙa zuwa ranar Asabar yana hura masa zugazugi.